Jirgin Jidda Ya Riga Ni Sakkwato

Duk wanda ya ce na ƙi zuwa tarbar Inna don muna faɗa, ƙarya yake yi. Faɗanmu kan zanen da na ƙona mata da dutsen guga ne, ya wuce tun kafin ta tafi aikin Hajji. Abin da ya hana ni, lissafi ne, kuma ni na yi shi da kaina.

A garinmu Adabka, idan alhazai za su dawo, dangi kan tafi Sakkwato tun saura kwana biyu ko uku, da tabarmi da garin kwaki, su zauna jiran jirgin da ba a san ranarsa ba. Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta ɗaure kayanta ta leƙo ɗakina.

"Tashi mu tai, ɗiyata."

Na ce, "Gwaggo, jirgi daga Jidda awa biyar yake yi a sama. Ya ƙetare teku, ya ƙetare Sudan, ya ƙetare Chadi. Mu da Sakkwato fa? In ya tashi a kira ni, sai na riga shi."

"Awo, 'yar boko. Jirgin ubanki na?"

Na yi dariya. Ita ta tafi.

Ranar Laraba da hantsi yayana ya kira: su Inna sun tashi. Na hau mashin. Na san nisan Jidda, na san agogonsu ya wuce namu da awa biyu, amma ban sa damina a lissafina ba. Rafin da ke gabanmu ya kawo. Ni da mai mashin muka tsaya sai da ya janye, aka ɗauki mashin aka ƙetare da shi, ni kuma na bi da ƙafa, ruwa har ƙugu. A Nasarawa Burkullu motar Sakkwato ta ƙi tashi sai ta cika. Na zagi direba, na zagi wata mata mai buhun gero. Ana kiran la'asar ina nan zaune.

Inna ta sauko daga jirgi da ƙafarta, da bakinta. Gwaggo ta ce Inna ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ina mai bakin nan tawa?" Aka ce mata ina hanya. Ta ce to, bari ta zauna ta jira ni. A zaunen nan jininta ya hau, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

A asibiti na same ta. Ta gane ni, ta riƙe mini yatsa, amma magana ta tafi. Yau shekara guda ke nan. Kowa ya ji muryarta ta ƙarshe, har masu tallan ruwa, ban da ni.

Mutanen gari su ci gaba da faɗin abin da suke so. Abin da ke ci na, ban sani ba ko Inna ma ta ɗauka don faɗan na ƙi zuwa, kuma ba ta da bakin tambaya. Gobe in na gama yi mata wanka, zan rufe ƙofa in gaya mata yadda aka yi, tun daga dariyar da na yi wa Gwaggo.