Ƙarfen da ke ƙuguna da gayyar da ta watse

Shekarun baya, shekarar da ruwa ya cinye gadar shiga ƙauyenmu a ƙasar Roni, na dawo daga Kano da ƙarfe a ƙugu. Ƙashin ya lalace, likita ya cire shi ya sa na ƙarfe. Ciwon shekara bakwai ya kwanta, na ce to, bana gero zan noma.

Ashe magana ta riga ni isa gida. Wai ƙarfe yana jan aradu, duk wanda ya tsaya kusa da ni da damina ya sayi mutuwarsa. Takardar da likita ya ba ni na kai ajinmu na yaƙi da jahilci, na bi ta layi-layi, malaminmu yana fassara min. An hana ni tsuguno, an hana ni sunkuyo sosai. Babu aradu a ciki.

Da ciyawa ta taso na kira gayya. Mai ɗakina ta dama fura ƙwarya uku. Mutane sun zo, an ja layi, sai hadari ya ɗan leƙo daga gabas. Abokina, wanda muka yi kiwo tare tun muna yara, shi ya fara saɓa fartanya.

Na ce, "Ina zuwa?"

Ya ce, "Mai ƙarfe, ina da iyali."

Na ce, "Fartanyar da ke kafaɗarka fa, da kara aka ƙera ta?"

Aka yi dariya, amma da dariyar suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigo ba a yi ba ranar. Furar ni da awaki muka sha.

Yayana ya ce, "Bari hadari ya ɗauke, ka je ka roƙe su." Na ce, "Yaya, wanda aka yanka ya tashi ba ya roƙon matsorata."

Na je wurin maƙeri ya yi min fartanya mai doguwar ƙota. A tsaye na yi noma, kamar mai shara, masu wucewa a babur suna nuna ni. Kunyar gero biyar nake nomewa a yini, wata rana uku. Ciyawa ta fi ni sauri, amma ban sake kiran kowa ba.

Har yau ana tsawa ina cikin sahun salla, aradu ba ta taɓa faɗo min ba, kuma ba ni da da-na-sani. Abin da na rasa na san adadinsa: ƙashi ɗaya, rabin gonar gero, aboki ɗaya.