Sifilin Baba Sito

Shekara ashirin da uku Baba Sito ya yi a ɗakin ajiyar kayan ma'aikatarsu, can ƙasan bene inda ko waya ba ta kama sabis. Nan ne mulkinsa: kujera mai hannu ɗaya da ta san lanƙwasar bayansa, fanka mai tari, rediyo, da mabuɗin da ba ya ba kowa. Ko Manaja, in yana son biro, sai ya aiko da takarda ya jira.

Duk shekara ana yi wa ma'aikata jarrabawar ƙarin girma, ta salon maganar Turanci: tambaya hamsin, kowace da amsa huɗu, ka zaɓi ɗaya. Wanda ya ci a hau da shi sama, a ba shi tebur daidai ƙofar gilashin Manaja. Sau uku Baba Sito yana zama, sau uku yana faɗuwa.

Ba rashin karatu ba ne. Matarsa ta sayo masa littafin jarrabawar, shi kuma ya kwafe shi a ƙananan katuna ya bi kantocin sito yana mannawa. A jikin bokitai ya liƙa wanda Bature ke cewa mutum ya shuri bokiti, wai ya mutu ke nan. Kalmomin aikatau na Turancin nan masu jela, waɗanda da ka sauya jelar sai ma'anar ta koma wani gari, ya jera su layin ƙwan fitila. Yadda ya san mazaunin kowace ƙusa ido rufe, haka ya san su.

"Mijin ƙanwata yana sama da taye," matar kan ce, "kai kana rami kamar gafiya."

"Kan ne ya tsufa, uwar yara," yakan amsa a marairaice, har ta ji tausayinsa ta ƙara masa nama.

Abin da bai taɓa gaya mata ba shi ne, a sama babu gyangyaɗin rana, babu rediyo, kuma a can sunan kowa "kai, zo nan". Don haka duk shekara yakan amsa kaɗan ya bar sauran fili.

Bana sai aka ce ba a barin fili, dole a cike duka. Baba Sito ya zauna ya lumshe ido, ya shiga sitonsa a zuci. Kowace tambaya sai ya taka zuwa kantarta, ya ga amsar gaskiya, sannan ya zaɓi maƙwabciyarta. Shi mutum ne da ba ya iya ajiye kwali a karkace. Ko ɓarna zai yi, sai ta fito tsaf.

Bayan kwana biyu Madam mai kula da ma'aikata ta sa aka kira shi. Takardarsa na gabanta.

"Baba, sifili ka ci."

"Ƙaddara ce, ranki ya daɗe."

"Direbanmu bai ko buɗe littafin ba, canka ya yi ta yi, ya samu sha uku. Akuya ma in ta taka takardar nan za ta dace da goma. Kai hamsin ɗin nan duk ka kauce musu, ko ɗaya ba ka taka bisa kuskure ba. Wa ya nuna maka inda suke?"

Ya dubi silin.

"Jiya na sauka sito neman ambulan," ta ce. "Na gaisa da bokitanka."

"Ado ne kawai, ranki ya daɗe."

"To adon muke so a sama. Mutum tara suka faɗi da gaske. Daga Litinin kai za ka riƙa koya musu, kullum ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Teburinka na nan gaban Manaja. Mabuɗin sito ka miƙa wa mai shara."

Ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Daidai lokacin gyangyaɗinsa, kamar da gayya.

A gida matar ta kira ƙanwarta a waya tun kafin ya cire takalmi, ta kuma aika a sayo taye har biyu.

Ranar Litinin aka gan shi yana hawa bene da kujerarsa mai hannu ɗaya a ka, tayen ya shaƙe shi, aljihu cike da katuna. A tsakiyar matakala ya tsaya hutawa. Daga ƙasa ya jiyo mai shara ta sauya tashar rediyon.