Na Kai Autata Neman Aikin Jinya a Madina

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da autata. Ta gama karatun jinya mai zurfi, irin wanda nas ke duba maras lafiya ta rubuta masa magani da kanta, amma tun da ta dawo gida ba aikin yi. Ni kuwa a wani asibitin Madina na yi ƙuruciyar aikina, don haka na ce mu je Umara, in biya da ita wajen mutanena. A raina ma na gama sama mata aiki.

Muna sauka na fara raba ido. Filin jirgin ya zama wani gari guda, tituna sun hau kan juna. Na gyara murya na zuba wa direban tasi Larabcin nan da nake taƙama da shi a unguwa. Ya saurare ni har na dire, sannan ya ce, "Hajiya, yi Hausa kawai." Ashe jikan Damagarawa ne. Yarinyar nan har muka isa masauki tana ƙunshe dariya.

Da na yi wa Manzon Allah (SAW) sallama, hawaye ya ƙi tsayawa. Bayan mun fito na ja ta neman lungun da nake sayen burodin tamis da wake in na sauka daga aiki. Ba lungun, ba mai waken, sai wani dogon otal. Dabinon ajwa kuwa da na ji kuɗinsa, a hankali na mayar da wanda na ɗauka.

Washegari muka tafi unguwar Bani Harisa wajen tsohuwar abokiyar aikina, haifaffiyar Madina, wadda kakanninta suka zo daga Katsina a ƙafa. Ta ajiye mana shinkafar kabsa, ga miyar kuka a gefe. Muka yi ta tuna lokacin aikin Hajji, yadda tsofaffin alhazai ke ƙin allura sai an kira ni na lallashe su da Hausa. Da na kawo zancen da ya kawo ni, sai ta ajiye cokali.

"Yaya, wallahi zamaninmu ya wuce. Yanzu sai 'yarki ta ci imtihanin lasisi, kuma ba sa son sabon hannu, sai wadda ta yi shekaru tana aiki. 'Yan ƙasa ma sun yi karatun, su ake fara dubawa. Tawa 'yar sai da ta sha zaman jira, ƙarshe wani gari mai nisa aka tura ta."

Ban yarda ba sai da na je asibitin da kaina. Ɗakin haihuwar da na ƙarar da ƙarfina a ciki ya zama ofis. Ba fuskar da na sani. Shugabar nas-nas, wadda a haife na haife ta, ta karɓe mu da mutunci, ta ba mu gahawa, ta maimaita abin da ƙawata ta faɗa.

A harabar masallaci, ƙarƙashin manyan laimomin nan, na samu wuri na zauna. Autata ta matso ta ce, "Umma, ke kike son dawowa Madina, ba ni ba." Daga nan ta gaya min cewa wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Jigawa ya kira ta, ba su da likita, ita za ta riƙa duba mutane. Ta ɓoye min ne don kullum hirata Madina ce, tana jin kunyar ta ambaci ƙauye. Na kama hannunta na ce, "Allah Ya sa albarka. Ki je."

Mun yi Umararmu lafiya, muka dawo Kano da zamzam da ɗan dabino mai sauƙin kuɗi. Na fahimci aikin nan akwai shi, sai dai sabuwar nas ba ta zaɓar inda za ta fara. Inda ake bukatar hannunta nan ne mafarinta. Madinar da na so in ba ta kuwa tawa ce, na riga na ci rabona a cikinta.

Ran Asabar na raka ta tasha. Jiya ta kira ni, wai ta karɓi haihuwar farko, mace ce, uwa da jaririya suna lafiya.