Sunana a Ƙarƙashin Labarin Masar

Ni da taubashina, ɗan gwaggona, rana ɗaya aka kai mu lakwal, wato makarantar boko, a Filinge, benci ɗaya muka zauna. Ni nake zuwa na ɗaya a rubutu. Malaminmu, wanda muke kira mushe, yakan ɗaga littafina ya nuna wa aji, ya ɗaga na taubashina ya ce kaza ta yi tono. Amma da aka zo zaɓen waɗanda za su wuce gaba, shi aka tura Yamai, daga can ya zarce Dakar. Ni kuwa na ƙare da tebur da kujera a bakin kasuwa, ina rubuta wa mutane wasiƙu zuwa ga 'ya'yansu da suka tafi bariki.

Ya dawo bayan shekaru da jakar fata da tabarau, wai shi ɗan jarida ne. Babu jaridar da ta ɗauke shi aiki. Yakan rubuta labari ya aika Dakar, wadda ta so ta buga, wadda ba ta so ba ta yi shiru. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai rubuta labarin farashin gero ko na fara, abubuwan da muka sani. Sai manyan abubuwa: Rasha da Amurka, wa ke zawarcin wa, wa ya ba wa bindiga. Mutum yana zaune a Kurfai, takalminsa duk rairayi, yana raba duniya.

Yadda yake aikinsa kuwa, dole in faɗi gaskiya, akwai basira. Ƙasarmu ƙasar mazan jiya ce, tsofaffin sojan Faransa, kusan kowane gida akwai wanda ya ƙetare teku. Da hantsi sukan taru a gindin wani gawo kusa da shagon wani ɗan kasuwa mai rediyon batir. Kafin ya dawo, ni nake karanta musu tsohuwar jarida in an samu, ni nake fassara musu abin da rediyo ya faɗa. Yana zuwa ya zauna a ƙasa cikinsu, bai gaya musu komai ba, tambayarsu kawai yake yi. Tsofaffin nan da ba su taɓa tambayata ko na sha ruwa ba, sai ga su suna matsa masa wuri a tabarma. Cikin wata ɗaya aka manta da ni.

Amma bai iya rabuwa da ni ba, saboda rubutunsa na nan yadda mushe ya bar shi. Sai ya zo teburina ya zube takardu.

“Tobashi, kwahe mini wanga da hannun nan naka na mata.”

Wasan taubasai ne, ba a fushi. Taubashi ya zage ka, ya ɗauke maka hula a tsakiyar kasuwa, dariya za ka yi, in ka ɓata rai kai ne abin kunya. Sai in yi dariyar, in kwafe, in rubuta sunansa a ƙasa, in liƙe ambulan in kai gidan waya. Bayan makonni jarida ta zo a kamyo, babbar motar kaya, a yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, waɗanda ba su iya karatu ba ma sai an nuna musu inda sunansa yake. Ni dai abu ɗaya nake so a duniya a lokacin: in ga sunana da baƙin inji, ko sau ɗaya, a nuna shi da yatsa a gindin gawon nan. Hassada ce, ba na ɓoyewa, kuma ta hana ni jin daɗin tuwo.

Da kakar shekarar da aka yi rigimar mashigin ruwan Masar, gari ya ɗauki zafi. Masar ta ce mashigin nata ne, Faransa da Ingila suka tura soja, sai Amurka da Rasha, waɗanda ba sa ga maciji da juna, kowacce ta ɗaga murya, sojan suka tattara suka fita. Wasu daga cikin mazan jiyan sun bi ta wurin a jirgin ruwa da aka kai su yaƙin gabas. Wani tsoho mai yankakken kunne ya ce wurin ɗan siriri ne, hagu rairayi dama rairayi. Sannan ya yi ƙasa da murya.

“Mu mun aza babu mai tsawata ma Hwaransa. Ashe shi ma akwai wanda ka ce mai sauka, shi sauka.”

Taubashina ya rubuta wannan, bai sa sunan tsohon ba. Amma ya kasa samun yadda zai buɗe labarin. Yana tsaye a kaina yana tauna fensir, na ce masa, ba tare da na ɗago ba, ai wannan rigimar burtali ce. Hanyar shanu ta ratsa gonar mutum, makiyayi ya ce tun kakansa nan yake bi, manomi ya ce ƙasar tasa ce, kowace damina muna ganin irinta tsakanin nan da Bonkuku. Ya buga tebur har tawada ta yi tsalle. Da burtalina ya buɗe labarin, da shi ya rufe, bai ce na gode ba, kai dai ya dungure mini ya tafi.

Na kwafe shafi huɗu. Da na iso ƙasa na tsaya, alƙalami a hannu, rana ta take, kasuwa ta yi shiru. Na ce a raina hannu nawa, burtali nawa, tsofaffin ma ni na fara zama da su. Na rubuta sunana maimakon nasa, na liƙe, na kai gidan waya da sauri kamar ana bina.

An buga shi. Amma jaridar ba ta fara isa gindin gawo ba, teburin kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ta fara isa. Ran wata Lahadi, kasuwa na ci, aka aiko ɗan sanda ya tafi da ni. Mutane suka biyo mu suka cika gaban biro, ofishin kumandan. Kumandan ya shimfiɗa jaridar, ya ɗora yatsa a kan sunana. Karo na farko ke nan da na gan shi da baƙin inji, kuma wallahi ya yi kyau. Ya tambaye ni wane sojan Faransa ne ya ce ana tsawata wa Faransa, kuma wa ke biyana in zuga mazan jiya.

Sai ga taubashina ya ratso mutane ya shigo, ba wanda ya kira shi. Ya iya Faransanci fiye da tafinta, amma da Hausa ya yi magana, da ƙarfi, don na waje su ji.

“Ni nar rubuta shi. Wanga mi ya sani ga Masar? Ko Yamai bai taɓa zuwa ba. Ni nas sa sunanai don in ga idonai in an kira shi. Tobashina na.”

Waje ya ɓarke da dariya. Kumandan ya ɗaure fuska ya dubi tafinta, tafinta ya bayyana masa cewa a wurinmu ɗan mace da ɗan namiji suna irin wannan wasa, wani har ya fi haka. Kumandan ya juyo gare ni ya ce haka ne? Kalma ɗaya ake jira. Na dubi jaridar, na dubi ɗan sandan da ke bakin ƙofa da bulalarsa. Na ce haka ne.

Sunan tsohon kuwa taubashina ya ƙi faɗa, aka yi juyin duniya. A ƙarshe aka ba shi kwana uku ya bar ƙasar kumandan, kada ya sake takowa. Ranar da zai hau kamyo mazan jiya suka sa lambobinsu suka yi masa rakiya, mata suna kawo masa guzuri. Ni ma ina wurin, kowa ya wuce sai ya zolaye ni, wai yaya labarin Masar. Ko korar ma shi ya samu. Na tsaya ina kallon yadda ake rububin gaisawa da shi, ina jin da ni ne a kan kamyon nan.

Da ya zo kaina ya rungume ni, ya ce a kunnena, “Da ka tambaye ni, tobashi, da na ba ka.” Wannan maganar ta fi mini mari ciwo.

Bayan kwana biyu gwaggo ta zo teburina da ƙwaryar fura. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, idanunta sun kumbura. Ta zauna a bencin masu kawo wasiƙa, ta daɗe tana gyara gyale.

“Ɗana, na zo ba ka haƙuri. Ɗan uwanka bai san iyakar wasa ba. Ya so ya ja maka kaso, Allah ya maida mai abinai. Ka yahe mai don ni.”

Gaskiya ta zo mini har maƙogwaro. Na dubi fuskarta, na tuna dariyar gaban biro, na haɗiye.

“Na yahe, gwaggo.”

Ta yi ajiyar zuciya, ta sa mini albarka. Sannan ta ce tunda ga takarda ga alƙalami, in rubuta masa yanzu da bakinta, in gaya masa ta yi fushi da abin da ya yi mini, amma ni mai haƙuri ne, na yafe masa. Ta fara faɗa a hankali, tana jira in gama kowace kalma. Na tsoma alƙalami a tawada na rubuta.