Hannayen da Ya Ɓoye a Baya

Kullum bakwai saura kwata, ina jiran motar Sabon Gari a Samaru, nakan ga wani dattijo da jikarsa a bakin kwalbati. Rigar wasanninsa ta koɗe, ga usur a wuyansa. Ina zaton tsohon malamin motsa jiki ne.

Yarinyar tana koyon tafiya a kan siririn gefen simintin. Hannunta na hagu, da alama bai daɗe da warkewa daga karaya ba, a maƙale yake a ƙirjinta, shi ya sa take karkacewa ta faɗo. Ina ƙirga mata: Litinin taku huɗu, jiya shida.

Yau na ji dattijon ya ce, "Saki hannun nan, Hephzibah. Ƙafa ba ta tafiya ita kaɗai."

"Kaka, zan faɗi. Riƙe ni mana!"

"In na riƙe ki yau, gobe fa?"

Yana ja da baya a gabanta, hannayensa harɗe a bayansa. A hankali ta miƙa hannun gefe, ta yi taku goma sha ɗaya. Ita fuskarsa take gani, a sake. Ni da nake bayansa, yatsunsa nake gani suna rawa.