Ɗan Makaɗi a Tianxiu

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, biza ta yi mana wuya a Guangzhou. 'Yan sanda suna bin gidajen haya na unguwar Dengfeng suna duba fasfo, sai 'yan kasuwarmu na Kano da na Nijar suka ga ya kamata a naɗa shugaba, wanda zai riƙa shiga gaba in an kama wani. Mutum biyu ake ambato: ni da wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shagon atamfa a benen kasuwa na Tianxiu. Ya girme ni, ya fi ni haƙuri, ya fi ni jama'a. Turanci kaɗai na fi shi, kuma ina son kujerar nan kamar raina.

Ana cikin haka wani Bajamushe ya faɗo mana, dogo mai furfura, da na'urar ɗaukar murya rataye a wuya. Ya ɗauke ni tafinta. Sana'arsa tsara opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa daga farko har ƙarshe, ko ruwa mutum zai nema sai ya rera. Shi ba ya waƙa ba ya kiɗa, a takarda yake rubutawa wasu su yi wahalar. Ya ce wasansa na farko ihu aka yi masa, rabin mutane suka fice. Na biyu a kan mai haƙar kwal ne da rami ya rufta da shi, a duhu ake yin sa gaba ɗaya. Daga nan ƙofar sa'a ta buɗe masa, har manyan ƙasarsu kan miƙe tsaye su tafa masa. Ya sa mini wani a kunne na ji: kamar ana yanka akuya a rumfar maƙera. Na ce masa ya yi daɗi, domin shi ke biya na.

Sabon wasansa a kan fatake ne, shi ya sa yake yawo yana ɗaukar ƙarar salatif da ake naɗe kwalaye da shi, da muryar 'yan Sin suna cewa "meyo, meyo", babu ke nan.

A shagon Alhaji ya tsaya cak. Alhaji yana jiran a kawo kaya, yana ɗan buga kwali da yatsu bai ma sani ba. Baturen ya saurara, ya ce in tambaye shi wa ya koya masa, don wannan hannu ba na ɗan kasuwa ba ne.

Alhaji ya leƙa waje. Sai ya tashi ya ja ƙofa.

"Ƙanena," ya ce da ni, "abin da za ka ji amana ne. Babana makaɗin mahauta ne. Na rataya kalangu tun ban kai tsawonsa ba. Shekara talatin rabona da shi, ko 'ya'yana ba su sani ba."

Na ce, "Haba Alhaji, ai bakina ƙanin ƙafata."

Ina jin labarin tafin da ake yi wa Baturen ne ya ja shi. Ya ga mutum ya tsufa a kiɗa, kuma ba wanda ya raina shi. Ya kifa kwali, ya ja dogon numfashi, ya rera waƙar da babansa ke yi wa sarkin fawa. Ban taɓa jin murya irin wannan ba. Baturen kuwa hawaye yake. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: waƙar ta tafi Jamus, kada a ji ta a nan. Wannan sharaɗin ne ban fassara ba.

Ranar naɗi, bayan Juma'a, aka taru a wani gidan tuwo a Dengfeng. Ni na gayyato Baturen, na ce ya zo ya ga al'ada, kuma in yana da kalmar yabo ga Alhaji, yau ce ranarta. Na san halinsa. A wurinsu ba girman da ya wuce a ce da mutum mawaƙi a gaban jama'a.

Ya miƙe da cokali a hannu. Ya ce ya yi aiki da manyan mawaƙan Turai, amma wannan bawan Allah ya gaji abin da makaranta ba ta koyarwa, daga mahaifinsa, makaɗin mahauta. Tafintan kirki ya san abin da zai haɗiye. Ni ban haɗiye ko wasali ba, na ma ɗaga murya don na baya su ji. Sannan ya kunna na'urar.

Waƙar Alhaji ta cika wurin. Alhaji yana zaune da lomar tuwo a hannu, gumi na tsattsafo masa, don zafin garin nan ba ya raga wa kowa. Na tashi, na zaro takardar kuɗin Sin ta yuwan ɗaya, na liƙa masa a goshi. Ta zauna daram.

Dariya ta fashe. Wani ya zo ya liƙa, wani ya bi, har da waɗanda Alhaji ya saukar a ɗakinsa ranar da suka fara zuwa ƙasar. Wani ɗan kasuwar Kwari ta Kano ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan wasa ni mana, yau ina da canji." Baturen yana ta tafi, ya ɗauka karramawa ce, har ya tambaye ni ko shi ma ya liƙa. Na ce ya liƙa.

Alhaji bai cire ko ɗaya ba. Ya ajiye lomar, ya wanke hannu, ya fita, takardun suna zubowa a bayansa. Dattijon da ke jagorantar zaman ya yi gyaran murya ya ce wanda zai tsaya gaban hukuma da sunanmu, ya kamata a san gidan da ya fito. Aka naɗa ni. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, ranar har ƙarin miya na nema.

Daga nan sunansa ya koma Maroƙi. In ya ratsa bene sai wani ya ɗan buga tebur. Bai cika wata uku ba ya saki shagon ya koma Panyu, inda ba Bahaushe sai jefi-jefi.

Bayan shekara biyu faifai ya iso daga Jamus, da 'yar wasiƙa: wasan fatake ya karɓu, a kai wa Alhaji nasa. Na hau jirgin ƙasa na kai masa da kaina. Na ce wa raina zumunci ne, amma so nake in ga yadda ya koma. Ya rame. Ya karɓe ni ba yabo ba fallasa, ya dafa shayi, ya sa faifan.

Awa biyu muka zauna. Ga ƙarar salatif, ga "meyo", ga wata mata tana tsala ihu. Can sai aka ji mutum ya ja dogon numfashi, kamar zai fara waƙa. Alhaji ya gyara zama, yatsunsa suka hau gwiwa. Sai goge ya katse. Haka aka yi ta yi, numfashin ya dawo, a katse, ya dawo, a katse, har faifan ya ƙare. Abin da Baturen ya ga ya dace da wasansa ke nan. Ko baiti ɗaya bai saka ba.

Alhaji ya cire faifan, ya goge shi da gefen riga, ya mayar cikin kwalinsa.

"Da ma ya sa waƙar," ya ce, "da na ce ba a banza ba."

Na hau jujjuya kofin da ke gabana.

"Sha shayinka, shugaba," ya ce. "Zai huce."