Furen da Ba Ya Son Ƙasa

A shekarata ta biyu a Alƙahira na kama ɗaki a unguwar Hadayek el-Maadi, ƙofa da ƙofa da wata dattijuwa da muke kira Inna. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga Katsina za su Makka, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Yaƙi ya koro ta Masar, ta baro lambun da take ba ni labarinsa har na haddace inda kowace bishiyar lemo take. Na sha ce mata ta shuka ko na'ana'a ne a baranda, sai ta ce ita ba ta shuka a inda ba zama za ta yi ba.

Tana yi wa wata 'yar Koriya girki. Da matar za ta tafi gida jinyar mahaifiyarta, sai ta ba Inna amanar wani ɗan fure da ake kira orkid, irin wanda masu tara furanni ke nema ido rufe. Ni dai ban ga abin nema ba. Ganye ne tsawon yatsa, zaune a kan tulin gansakuka, fararen saiwoyinsa duk a waje.

Saiwoyin nan suka hana Inna sukuni. "Ya bitti, 'yata, wannan ai tsiraici ne," ta ce mini. "Wa ke barin tushe a fili?" Ta samo ƙasa mai kyau, ta cakuɗa da kashin tattabaru, ta binne shi har wuya, tana ba shi ruwa safe da yamma kamar baƙon da ake so ya ƙara kwana. Ba a jima ba ganyen ya fara zama rawaya. Na ce ta kira matar, ta ce mai jinya ba a ƙara masa wani ciwon.

"Gidana na bari, lambuna na bari," ta ce. "Amanar mutane ma ta mutu a hannuna?" Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa jin muryarta ta karye haka ba.

A cikin tukunyar akwai ɗan siririn katako mai rubutun da ba mu iya karantawa. Na ɗauke shi na kai wa wata 'yar Koriya daban da muke ajin Larabci tare. Ni ba Koriyanci, ita ba Hausa, sai muka yi ta fama da Larabcin littafi kamar masu huɗuba. Ta ce tsofaffin baƙaƙe ne da su da Japanawa suka yi tarayya a kai, Koriyawa su karanta da bakinsu, Japanawa da nasu, amma ma'ana ba ta canzawa. Layin ƙasa laƙabin wannan irin ne shi kaɗai, wai "Shuɗin Teku". Na ce mata teku kam yana sha, safe da yamma. Na sama kuwa sunan danginsa ne, ta fassara shi da furen iska. A jikin bishiya yake fitowa, saiwarsa iska take so, ƙasa ruɓar da ita take yi.

Tun a mota nake juya yadda zan gaya wa Inna ba tare da na ce ita ta ja ba. A banza na wahalar da kaina. Da ta ji sunan sai ta ce, "Yalla, kawo faranti." Muka tone shi, muka wanke, ta yanke saiwoyin da suka yi baƙi, muka mayar da shi kan gansakuka a bakin taga. Ƙasar ta juye a wani tsohon bokiti.

Makonni muka yi ba labari. Wata safiya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ja ni har bakin taga ba ko gaisuwa. A ƙarshen wata saiwa ga ɗan kore ya tsiro, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Khalas, shi ke nan, ya zauna," ta ce. "Ashe ana rayuwa ko ba ƙasa." Na yi murna har na rasa abin tsokanarta.

Ranar Juma'ar da ta biyo na dawo na tarar da bokitin nan a baranda. Inna na durƙushe a gabansa, tana danna ƙasa a gindin wani ɗan dashen lemo.